Allurar da Take Bin Jatau

A wani gari, can da daɗewa, an yi wani mutum, Jatau, mai son wasa da mayen ƙarfe. Yakan goga allura a jikin mayen, ya ɗora ta kan ganye cikin ƙwaryar ruwa, ya zauna yana kallon juyawarta.

Ran nan sai allura ta fara binsa. Ya koma gabas, ta bi shi. Ya koma yamma, ta bi shi. Gari ya ɗauka, wai Jatau yana da baiwa a jikinsa. Abin kuwa ya yi masa daɗi.

Wata safiya ya kwance sabuwar wuƙarsa daga ƙugu ya ajiye, sai allura ta rabu da shi, ta fuskanci wuƙar. Yana cikin mamaki sai ga maƙwabciyarsa Kande goye da ɗanta, jikinsa zafi rau.

Ta ce, "Baba Jatau, don Allah shafa masa baiwar nan taka."

Jatau ya dubi yaron, ya dubi ƙwarya. Ya miƙa mata wuƙar, ya ce, "Zagaya, Kande."

Ta koma gabas, allura ta bi ta. Ta koma yamma, ta bi ta.

Ya ce, "Ƙarfe take bi, 'yata, ba ni ba. Taho mu kai shi wurin mai magani."