Ƙararrawar da Ba Ta Yi Kuka Ba

Ku yi mini afuwa, ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai na iya. Ga takardar, bari in karanto muku.

Da rana tsaka jirgin ruwan dakon kwakwa daga tsibirin Kadavu ya hau duwatsun teku. Mutum ɗaya ya rasu, Viliame, wanda ke riƙe da tuƙi. Barci ya sace shi, karon ya gwara kansa da ƙarfe.

Sufeto Litia ta shiga ɗakin tuƙi, ta tsaya gaban jan maɓallin nan da matuƙi ke dannawa a kai a kai. In ya daɗe bai danna ba, ƙararrawa kan tashe shi, ta tashi kyaftin.

"Me ya hana ta kuka?"

"Gishiri ya ci ta, ranki ya daɗe," in ji Kyaftin Apenisa, idonsa a ƙasa.

Ta sauka wurin Rajnesh makanike.

"Gishiri? Hajiyar nan ko kurma tana tayarwa," ya ce. "Sai dai a kashe ta da mabuɗi."

"Wa ke riƙe da shi?"

"Ni kam injina na sani."

Ta koma sama. Wani zare ya leƙo daga wuyan rigar kyaftin.

"Baba, ara mini abin wuyanka."

Mabuɗin ne rataye a zaren. Tana murɗa shi, ba a jima ba ƙara ta cika jirgin. Tsohon ya toshe kunnuwa, ya zauna a ƙasa.

"Viliame ɗan ƙanwata ne," ya ce. "Daga makokin mahaifinsa ya taso, idonsa bai ga barci ba. Ya ce, 'Kawu, kashe mini ita, kaina zai tsage.' Kin san al'ada. Ɗan ƙanwa ko kwalekwalenka ya nuna, ya zama nasa. Da wane baki zan hana shi?"

"Da ka ba shi hutu mana."

"Na ba shi. Ya ce in ya kwanta, baban yake gani."

Sufeto ta mayar da ankwar da ta ciro cikin aljihu, ta kama hannunsa kawai.

Da aka janyo jirgin zuwa gaɓar birnin Suva, ƙanwar tasa na tsaye cikin baƙaƙen kayan makokin mijinta, ba ta san komai ba tukuna.

"Roƙo ɗaya," ya ce. "Kada ki bi da ni ta gabanta."

Amma tsani ɗaya ne a jirgin. Tana hango shi ta taho da gudu, ta faɗa ƙirjinsa tana kuka, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Nan na tsaya. Bari in sulale tun ba ku ɗago kai ba.