Saƙon da Aka Karanta wa Hajjo

Ranar wata Asabar Mashkura ta fara ganinsa a ƙofar gidansu da ke Garki, ya sauko daga babur da ledar kifi a hannu ɗaya, kwandon tumatir a ɗayan. Ya yi sallama, ya ce sunansa Hafizu, daga shafin Cefanen Hajjo aka aiko shi. Bai ko ɗago kai sosai ba. Ita ce dai ta kalle shi, har ta manta ba ta duba kifin ba.

Hajjo dattijuwa ce mai sana'ar cefane ta waya. Ka shiga shafinta na WhatsApp, ka zaɓi abin da kake so a hotuna, kifin kasuwar Kado ne ko lemun kasuwar Zuba, kafin azahar an kawo maka har gida. Mashkura, da aikin ma'aikata ya hana ta zuwa kasuwa, ta ji daɗin matar, don ko oda ta yi sai amsa ta zo da "Allah ya yi miki albarka, 'yata." A hankali suka saba, har tana tambayarta yadda ake gane ɗanyen kifi mai kyau.

Daga nan odar albasa ta yawaita. Ummanta ta yi ta mamakin wace irin miya ce za ta cinye wannan albasa haka.

Bayan wata uku abin ya ci ta. Ta zauna a ofis ta rubuta:

"Hajiya, don Allah wanda yake kawo min kaya, Hafizu, yana da aure? Wallahi albasar nan ba buƙatarta muke ba, har ta fara tsiro a sito. Ganinsa kawai nake so. Amma ki rufa min asiri, kar ki gaya masa."

Abin da baiwar Allah ba ta sani ba, Hajjo ba ta karanta boko. Kullum da safe ɗanta ne yake zama gabanta da wayar, ya karanta mata saƙonni da ƙarfi, ta faɗi amsa ya rubuta. Ɗan nata kuwa Hafizu ne.

Ya kai tsakiyar saƙon Mashkura ya tsaya. Hajjo ta ce ya ƙarasa, ita ba a yanke mata maganar kwastoma. Haka ya ƙarasa. Ya roƙe ta su bar saƙon ba amsa, ta ƙi, ta ce yarinya ta yi tambaya da gaskiya, da gaskiya za a ba ta amsa. Ta sa shi ya rubuta da hannunsa:

"'Yata, ba shi da aure. Ɗana ne, kuma shi yake karanta min saƙo. Ga shi nan gumi yana keto masa."

Mashkura ta karanta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita ce ta fara cewa tana so, kuma ta rasa wanda za ta faɗa wa sai uwarsa! Ta toshe lambar, ta kifa kai a tebur ta yi kuka.

Mako uku tana zuwa kasuwar Garki da ƙafarta, tana sayo tumatir mai ruwa. Hafizu ya turo saƙo ta lambarsa:

"Sanyin idona, wallahi ni ma ina sonki, bakina ne ya yi nauyi. Ki yafe min."

Ta amsa da layi ɗaya: "Ba zan iya haɗa ido da mahaifiyarka ba har abada. Ka manta da ni." Ta tura tana sonsa, amma kunyar ta fi ƙarfinta.

Ranar Lahadi da hantsi sai ga wata dattijuwa ta yi sallama, ta gaisa da Umma, ta ce ita ce Hajjo, wajen 'yarta ta zo. Mashkura ta so gudu ɗaki, Umma ta tsare ta. Ta durƙusa can nesa, mayafi ya rufe fuska.

Hajjo ba ta yi dariya ba. Ta ce wata uku tana kallon Hafizu yana ware kifin da ya fi girma yana sawa a ledar Garki, yana zaton ba ta gani. Ta ce ita ta haife shi, ta san da za a bar shi, da sai ya tsufa yana kai albasa bai ce uffan ba.

Alhaji Mika'ilu, mahaifin Mashkura, ya ɗan ja da farko, yana cewa yaya za a ce 'yarsa ta auri mai kawo musu kifi. Da ya bincika ya ji yaron shi ya buɗe wa uwarsa shafin, kuma shi yake riƙe da gidansu tun rasuwar babansa, sai ya ce su turo magabata.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Da aka kai amarya gaban Hajjo, har lokacin Mashkura ba ta taɓa kallon fuskar dattijuwar ba. Hawaye ne kawai ke ɗiga a kan lallenta. Cikin raɗa ta ce, "Hajiya, ki yafe min rashin kunyata."

Hajjo ta kama haɓarta ta ɗago ta a hankali.

"Kowace uwa tana aurar da ɗanta tana fargabar ko ana sonsa. Ni da kunnena na ji. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Mashkura ta ce amin, idonta cikin na surukarta.