Kwaɓin da Ya Kwana Uku

A wani gari can da, damina ta matso, bangon ɗakin wata tsohuwa ya tsage. Mijinta ya kwaɓa ƙasa da ciyawa, nan take ya hau yaɓe.

Ta ce, "Malam, bar kwaɓin ya kwana uku."

Ya ce, "Ruwa ba ya jira!"

Yaɓe ya bushe, ya zube. Ya sake, ya sake zubewa. Tsohuwa ta hango hadari.

Karo na uku ya bar kwaɓin ya kwana uku. Ruwa ya sauka, bango ya tsaya.

Ya ce, "Kin gani? Dabarar a bar shi ya kwana."

Ta miƙa masa fura tana murmushi. "Allah ya ƙara sani, Malam."