Tasha Biyu a Ƙarƙashin Paris

"Na ce ba yanzu ba, Mansura! Halas!"

Abdulghaffar ya kife wayarsa a kan cinya, ya ɗauki kofin shayi kamar wanda ya gama magana. Mansura na tsaye a bakin ƙofar falo, hannunta jiƙe da ruwan wankan Umma, idonta a kan wayar nan.

"Yaya, karo na uku ke nan fa. Ka ce bayan azumi, azumi ya wuce. Ka ce bayan ƙaramar Sallah..."

"To yanzu na ce bayan Hajji."

"Bayan Hajji! Bizar tawa za ta zauna tana jiran ka ne?"

"Kar ki ɗaga mini murya a gidan ubanmu!"

Ta juya ta koma wurin Umma.

A nan unguwar Ruwais ta ƙasar Makka aka haifi Mansura, a nan aka haifi ubanta, amma har gobe iƙama, takardar zaman baƙi, take riƙe da ita, da fasfon Najeriyar da ba ta taɓa takawa ba. Da Abba ya rasu sai sunanta ya koma ƙarƙashin na yayanta. Ba ta isa ta bar ƙasar ba sai shi ya buɗe wayarsa ya fitar mata da khuruj wa auda, izinin fita da dawowa. Abin da take roƙo ke nan tun watan Sha'aban. Ba gida ta roƙa ba, ba mota ba.

Kuma ba yawo za ta ba. Mijinta ne ba lafiya.

Mus'ab Bahaushen Sudan ne, mai walda a unguwar da ake kira Madinar Masana'antu. Ƙofar ƙarfen gidansu ya zo gyarawa, aikin awa guda ya mayar da shi na kwana uku, har Umma ta ce ko dai ƙofar ce ke da aljanu ko mai gyaran. Aka yi milka, wato ɗaurin aure, ana shirin biki sai masana'antar ta sallame su, kafili, ubangidan da ya tsaya masa, ya ba shi fita ba dawowa. Sudan kuwa ana yaƙi. Ya sha wuya har Allah Ya ajiye shi a Torino ta ƙasar Italiya. Shekara biyu tana matarsa, ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba. Yanzu ga ƙoda ta kwantar da shi.

Yayarsa Bashira, da ke aure a Brussels, ita ta aiko da gayyata har biza ta fito. Can Mansura za ta fara sauka. Daga nan sai jirgin ƙasa, ita kaɗai, don Bashira jego take yi.

Kullum bayan azahar, idan Umma ta samu barci, sai Mansura ta shige kicin ta jingina wayar da tulun gas.

"Yalla habibti, kawo hadda," in ji Mus'ab, yana murmushi daga kan gadon asibiti.

Mansura ba ta yi nisa a makaranta ba, baƙin Turawa kuwa ko sunanta da ƙyar take ganewa. Shi ya sa ya mayar mata da hanyar hadda, kamar ta allo.

"Anti Bashira za ta saka ni a jirgi. Awa ɗaya da rabi, sai Paris, Tashar Arewa."

"Sai ki yi me?"

"Sai in samu kujera in jira jirgin Torino..."

"La'ilaha! Ya zol, baiwar Allah, kin kashe ni!" Ya dafe kai yana dariya har da tari. "Can ba tasharmu ta Sulaimaniyya ba ce, da za ki zauna na Makka ya wuce na Madina ya zo ya same ki. Paris kowace nahiya da tasharta. Ko shekara kika yi a Tashar Arewa, na Torino ba zai leƙo ba. Ke za ki ratsa gari ki same shi."

"Wane irin gari ne wannan, jirgi ba ya zuwa inda mutane suke?"

"Garin da mijinki ya ɓata sau biyu. Ci gaba."

"In sauka ƙarƙashin ƙasa wurin jirgin cikin gari. In nemi layin kore. In nemi harafin nan mai kama da rabin gurasar tamis a tsaye."

"D sunansa."

"Ni dai rabin tamis na sani. In nuna wa mai kaya irin na ma'aikata takardata, ya nuna mini gefen da zan tsaya. Tasha ta farko ba na sauka."

"Ko da kowa ya fita?"

"Ko da direban ya fita! Ta biyu ita ce tawa, Tashar Liyon. In hau sama, in duba lambar jirgina a allo."

"Madalla da amaryar Mus'ab. Awa uku na bar miki tsakanin jirgi da jirgi."

"Uku? Ka ce tafiyar ba ta kai ta shan shayi ba."

"Awa ɗaya ta ɓata. Awa ɗaya ta kuka, don na san ki. Ɗayar ki yi sallah ki ci abin da Bashira ta ƙunsa miki."

"Allah Ya shirye ka!"

"Daga nan ki zauna jikin taga, nurul aini, hasken idona. Awa biyar da ɗoriya. Za ki ga duwatsu da farin rawani a kansu, ba irin namu na hanyar Ɗa'ifa ba. Idan jirgi ya tsaya a Torino, kada ki nemi kowa. Ni zan gan ki."

Ta kashe wayar ta kifa kai a kan guiwa. Hannun da yake ɗaga mata ya rame, ta gani, ko da yake yana ɓoye shi cikin bargo.

Ba wai Mansura ba ta san nauyin da ke kanta ba ne. Shekara huɗu ke nan da ɓarin jikin Umma ya shanye. Ita ke ɗaga ta, ita ke mata wanka, ita ta san cewa in ta ɗaga gira tana son ruwa ne. Ranar da ta gaya mata maganar tafiya, Umma ta tattara harshenta mai nauyi ta ce, "Ki je... mijinki ne." Amma hannunta mai lafiya yana damƙe da gefen abayar Mansura, bai saki ba har aka kira la'asar.

Mansura ta yi kuka ranar kamar ranta zai fita. Sannan ta share hawaye ta nemi mafita. Ta kira Manal, matar Abdulghaffar, ta ce kwana ashirin kawai take nema. Manal, Allah Ya saka mata, ta ce, "Min uyuni, da yardar raina, ki koya mini." Mako biyu tana zuwa daga gidansu na unguwar Aziziyya, ta koyi juya Umma, ta koyi dama mata kunu yadda ba zai shaƙe ta ba. Har Umma ta fara karɓar cokali daga hannunta.

To me ya rage? Sau biyu Bashira tana canza ranar tikiti. A na ukun ta ce, "Mansura, likitansa ya kira ni a waya. Ki yi sauri, don Allah."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Mansura ta tari mota har Aziziyya. Ta sami Abdulghaffar a falo sanye da farar doguwar rigar tobe, ƙamshin turaren wuta ya cika ɗakin. Ba ta zauna a kujera ba. Ƙasa ta durƙusa.

"Yaya, ka dubi girman Allah. Manal ta iya komai, Umma ta yarda. Ba sauran abin da zai hana."

"Akwai."

"Mene ne?"

"Mu ba ma kai mace! A gidan nan miji ke zuwa, a yi biki, a yi rakiya, ya ɗauki matarsa gaban jama'a. Ke kuma ki ɗauki akwati ki bi namiji ƙasar Turawa, kina tsalle daga jirgi zuwa jirgi kamar wadda ba ta da kowa? Me mutanen Ruwais za su ce da ni?"

"Ya zo? Yaya, mutumin da ake wanke wa jini sau uku a mako?"

"Haka ya ce miki."

"Ga hotonsa! Duba!"

Bai karɓi wayar ba. Ya dai kalle ta ta gefen ido, ya taɓe baki.

"Manal ta ba ni labarin haddar da kuke yi. Kore, rabin tamis, awa uku. Ki gaya mini, wanda ke bakin mutuwa ne ke da ƙarfin zama yana tsara hanyar jirgi tasha bayan tasha? Wayo ne, Mansura. Ya ga ba zai iya dawowa ba, yana so ya janye ki ba biki ba komai."

Mansura ta ɗago. Ta dube shi ido cikin ido.

"Wayo? Mutum yana aman jini, yana tashi ya duba mini lokacin jirgi don kar in ɓata a garin da ban san kowa ba, shi ne wayo? Da bai damu da ni ba, da ka yarda ba shi da lafiya ke nan?"

"Ki iya bakinki."

"Ba zan iya ba! Abba ne ya ba shi ni, ba kai ba! Amana aka bar maka, Yaya, ba akuya ba!"

"Fita mini daga gida. Bayan Hajji na ce, in Allah Ya so."

In Allah Ya so! Kamar Allah ne Ya riƙe masa yatsa.

Ba ta gaya wa Mus'ab abin da aka ce ba. Da ya tambaya sai ta ce takardu ne, an kusa. Sai ya ce, "Na canza abu ɗaya a haddar, habibti. A Torino... wataƙila abokina ne zai tare ki. Zai riƙe takarda da sunanki da Larabci."

"Kai ka ce za ka gan ni."

"Zan gan ki mana. Hawa biyu ne kawai a asibitin, ɗaki na bakwai."

Bayan kwana huɗu ya daina kiran bidiyo, sai saƙon murya. Bayan nan saƙon ma ya koma gajere, numfashi ya fi magana yawa.

Ranar Talata da hantsi, tana tsefe wa Umma kai, wayar ta yi ƙara. Bashira ce. Ba ta yi sallama ba, kuka kawai take.

Matajin ya faɗi daga hannun Mansura.

"Inna lillahi... Anti, ki ce wani abu! Ki ce mini ƙarya ne!"

"Da asuba, Mansura. Ya cika da kalmar shahada. Musulmin garin za su yi masa sutura."

Umma ta ji. Hawaye ya gangaro ta ɓarin fuskarta mai motsi, ta lalubo kan 'yarta ta danna shi a ƙirjinta.

Kwana uku mata suna shiga suna fita da kofunan gahawa. Mansura na zaune a kusurwa, ba kwalli ba turare, matar da ba ta ga ɗakin aurenta ba ta shiga takaba. A rana ta uku bayan la'asar, da mutane suka ragu, Abdulghaffar ya yi gyaran murya a bakin ƙofa. Idonsa ja. Ya shigo ya tsuguna nesa da ita, wayarsa a hannu.

"Mansura... ukhti, ƙanwata. Wallahi ban ɗauka abin ya kai haka ba."

Ba ta dube shi ba.

"Zan fitar miki da izinin yanzu. Ki je ko kabarinsa ki gani. Ni da kaina zan kai ki filin jirgi."

Manal ta rufe baki da gyale. "Abdulghaffar, takaba fa take. Wata huɗu da kwana goma ba ta kwana a wani gida. Bizarta kuma saura mako uku."

Abdulghaffar ya sauke wayar. Bai ma yi wannan tunanin ba.

Sai a lokacin Mansura ta ɗago.

"Fitar."

"Amma Manal ta ce..."

"Na ji abin da ta ce. Fitar, Yaya. A gabana. Matso nan in gani."

Ya matso. Ya buɗe wayar. Mansura ta ƙura wa yatsansa ido, ta fara ƙirga a fili.

"Ɗaya. Biyu. Uku..."

"Mansura, don Allah..."

"Goma sha ɗaya. Ci gaba. Goma sha biyu."

Ya taɓa sunanta. Ya zaɓi kwanaki. Ɗakin tsit, sai muryarta da ƙugin na'urar sanyi. Ya danna na ƙarshe, wayar ta yi ɗan ƙara, saƙo ya shigo tata wayar da ke gefen tabarma.

Ta tsaya da ƙirga.

"Arba'in da ɗaya," ta ce.

Abdulghaffar ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara girgiza.

"Wata uku ina durƙusa maka saboda aikin sakan arba'in da ɗaya."

"Ki yafe mini, ukhti... ki yafe mini!"

Ta daɗe tana kallon sa. Hawayen da ta riƙe tun shigowarsa suka zubo, ba ta share ba.

"Nawa haƙƙin mai sauƙi ne, Yaya, wata rana ƙila in iya. Shi fa? Ya mutu yana tsammanin takardu ne suka tsare ni, don na rufa maka asiri. Je ka nemi yafiyarsa in ka san hanya."

Daga ɗakin ciki Umma ta yi ɗan nishi, alamar lokacin juya ta ya yi. Manal ta yunƙura za ta tashi.

"Zauna," in ji Mansura. "Ina nan ai."

Ta miƙe, ta ratsa ta gefen yayanta, ta shiga wurin uwarta ta ja ƙofa.