Rigar da Kanel Ya Zaɓa

Tuva ba ta gama buɗe ƙofar mota ba karenta Kanel ya fice. Ya tsallake shingen katako, ya faɗa kududdufi, ya fito ya nufi wani dogon saurayi mai ɗauke da bokiti biyu, ya dafa masa ƙirji da ƙafafu duk taɓo.

Ta runtse ido. Gidan renon karnuka na huɗu ke nan. Uku sun kore su tun ranar gwaji, ga shi ranar Litinin za ta fara aikin ungozoma a asibitin gari, wuni guda cur. Idan nan ma suka ƙi, dole ta ba da shi. Karen marigayiya mahaifiyarta ne, ruwa biyu, uwarsa fudul mai murɗaɗɗen gashi, ubansa karen farauta da bai san gajiya ba.

"Ka yi haƙuri," ta ce. "Zan wanke maka rigar."

Saurayin ya ajiye bokitan ya tsuguna. Shuɗiyar rigar sanyi ce a jikinsa, gwiwar hannun duk faci.

"Rigar ta ga abin da ya fi wannan. Sunana Vidar. Me aka ce ya yi a sauran gidajen?"

"Ya ci labule. Ya koya wa sauran buɗe ƙofa."

"To ai malami ne. Aikin yi ya rasa." Sai ya ɗago ya dube ta, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Ƙa'idar gidan ita ce mai kare ya zauna kwana uku tare da karensa har ya saba. Tuva ta yi ukun a kan benci a bakin tafki, da kofin gahawa a hannu, tana kallon Vidar yana ɓoye ƙwallo a cikin ciyawa, Kanel na nema da hanci. Iska na kaɗa fararen itatuwa, hasken bazara ya kwanta a kan ruwa kamar an zuba zuma. A rana ta uku karen ya yi barci a kan takalmin Vidar.

"An ɗauke shi," in ji Vidar. "Ke ma kin ci jarrabawa, Maman Kanel."

"Na gode, Malam Makiyayi."

Ranar Litinin da azahar saƙo ya shigo wayarta daga lambar Vidar:

"Mama, na ci abinci, na yi iyo, ban ci labulen kowa ba. Benci ya yi mana faɗi yau. Kanel."

Haka kullum. Takan karanta a tsaye a bakin ɗakin haihuwa tana murmushi ita kaɗai. Zuwa ɗaukar kare na minti biyar ya koma awa guda, awa ta koma yawon kwale-kwale, Kanel a gaba kunnuwa na tashi a iska.

Mahaifinta Torsten, tsohon makanikin jirgin ruwa, bai ga abin murmushi ba.

"Yaron da ya bar karatun likita ya koma jefa wa karnukan mutane ƙwallo? Auta, ga Hampus ɗan abokina, shi ma sana'ar ke nan, amma a tsakiyar gari, da ma'aikata goma da kyamara a kowane ɗaki."

"Baba, ai Hampus bai san sunan kare ko ɗaya ba."

"Ya san naki. Sau biyu yana tambayata."

Ba ta saurare shi ba, sai wata Juma'a da ta haɗu da Majken a bakin shinge. Majken mai gyaran gashi ce, karenta ma a nan yake wuni, kuma kowa ya san idonta na kan Vidar. Ta miƙo wayarta tana dariya.

"Duba abin da yake turo mini. Kullum fa, ƙawata."

Tuva ta karanta: "Mama, na ci, na yi wasa, ina kewarki. Ki dawo da wuri."

Ta ji kamar an watsa mata ruwan ƙanƙara. Ashe kowa ake yi wa. Ta ja Kanel zuwa mota yana turjewa, Vidar na kiranta daga nesa, ba ta waiwaya ba. Ta rufe lambarsa a wayarta.

A mako na gaba aka tura ta kwas na kwana biyar a birnin Göteborg. Ta kai Kanel gidan Hampus, inda komai ke sheƙi. Kamar yadda ake yi idan kare zai kwana, ta bar masa rigar da ta sa, don ƙanshinta ya ɗebe masa kewa.

Kwana biyu Kanel bai taɓa abinci ba. Ta kyamara take ganinsa a wayarta, kare mai tsallake shinge, kwance ya juya wa rigarta baya. Ta kira mahaifinta tana kuka. Torsten ya kai tasa rigar, karen ya shinshina ya kau da kai. Hampus ya ɗaga kafaɗa ya ce wataƙila a kira likita ya ba shi maganin kwantar da hankali.

Torsten ya daɗe yana kallon karen matarsa. Sannan ya shiga mota ya nufi tafki.

Ya tarar da Vidar yana gyaran shinge, ya rame.

"Yaro, ba hira na zo ba. Aron rigarka nake so. Wannan mai facin."

Vidar ya ji bayani, ya ajiye guduma.

"Baba, rigar ba ta tafiya ita kaɗai."

"Na yi zaton haka. Shiga mota."

Tuva ta yanke kwas ta hau jirgin ƙasa na safe. Da ta shiga gidan Hampus sai ta tsaya cak. Vidar na zaune a ƙasa, Kanel na cin abinci daga tafin hannunsa, jela na dukan bango. Mahaifinta na gefe yana ƙoƙarin nuna ba ruwansa.

"Kowa kake rubuta wa," ta ce a hankali. "Na ga na Majken."

"Ƙwarai, aikina ne. Kowane mai kare yana samun labarin wunin karensa."

"To ni mece ce?"

Vidar ya koma shafa kan Kanel. Torsten ya yi tsaki.

"Auta, buɗe wayar nan ki duba ranaku. Ranar Lahadi ma saƙon Kanel na shigowa, alhali karen na kwance a ƙafarki a ɗakin girkina. Ni tsoho na lura, ke da idonki garau ba ki gani ba?"

Ta duba. Lahadi bakwai, saƙo bakwai. Na ƙarshe cewa yake: "Mama, tafki ya yi shiru. Akwai wanda ke ƙirga awowi kafin Litinin, kuma ba ni ba ne."

"Tsoro nake ji," in ji Vidar. "Shi ya sa na ɓuya bayan kare."

"To fito, Makiyayina."

Ya miƙe, gashin kare duk a jikinsa, ya riƙe hannuwanta biyu.

"Tuva, ki aure ni. Wannan ni na faɗa."

"Sai mun ji daga Baba," ta ce, hawaye da dariya a haɗe.

Torsten ya gyara murya. "Mahaifiyarki ta ce karen nan bai taɓa kuskuren mutum ba. Wane ni in yi musu da ita."

Bazara na zagayowa aka ɗaura aure a bakin tafkin, amarya da kambin furanni, ango da sabuwar kwat. Kanel aka ɗaura wa zobba a wuya. Ana tsakiyar waƙa ya hango agwagwa, ya faɗa ruwa da su, sai da ango ya tuɓe kwat ya bi shi. Ya fito yana rawar sanyi, zobba a hannu, jama'a na ta dariya.

Torsten ya buɗe jakarsa ya ciro shuɗiyar rigar nan, a wanke, da sabon faci da ya ɗinka da hannunsa. Ya yafa wa surukinsa, ya haɗa hannunsa da na 'yarsa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya albarkaci gidanku," ya ce. "Ku dai ƙara wa shingen tsawo."