Wa Ya Mayar da Tsohuwar Ƙwaƙwalwa?

Sufeto bai gama rataye hularsa ba wata nas ta faɗo ofis, ko kayan aiki ba ta cire ba. A bayanta ga wani siririn mutum mai tabarau, sai zufa yake sharcewa.

"Yallaɓai, ƙwaƙwalwa ya sace mini!"

Sufeto ya dube ta sama da ƙasa. "To ai ga ki kina magana tiryan-tiryan."

Kofur ya danne dariya. "Furosesa take nufi, yallaɓai. Ƙwaƙwalwar kwamfuta."

Da aka ba ta kujera ta zayyana komai. Mahaifinta tsohon direban babbar mota ne, ɓarin jikinsa ya shanye, hannun dama ya yi nauyi. Likita ya ce a samo masa abin motsa yatsu, sai ta haɗa masa wasan tseren mota a tsohuwar kwamfutar gida, har da sitiyarin roba. Kwamfutar kuwa ta tsufa tukuf, mota na tafiya tana cijewa. Kuɗin nas bai kai na sabuwar kwamfuta ba, shi ya sa ta yi ta tattali har ta sayi furosesa ta hannu, mai ƙwaƙwalwa huɗu a cikin guda. Mai tabarau ɗin nan, mai gyaran kwamfuta, shi ya zo gida ya ɗora.

"Da farko kamar iska. Yau na duba, ta koma tafiyar hawainiya, sai zafi take tana mutuwa. Allon ya nuna tsohuwar ce a ciki!"

"Wallahi sabuwar na sa," in ji mai gyara. "Tsohuwar na bar musu a kwali. Yallaɓai, ta je ta tara mini jama'a a kasuwa. Shugabanninmu sun ce in dai ta tabbata, yau za a garƙame mini shago. Wa zai ƙara ba ɓarawo kayansa?"

"Ka koma gidan bayan ka gama aiki?"

"Ban koma ba."

Ya yi saurin amsawa da yawa. Sufeto ya sa aka zaunar da shi a bayan kanta, ya sake ɗaukar hular da bai daɗe da ratayewa ba.

Shi da Kofur suka isa gidan iyayen nas. Falon ƙarami ne, tsaf-tsaf. Kwamfutar na kan teburin ɗinki, an lulluɓe ta da ƙyalle mai fulawa don ƙura. Dattijo na zaune gaban sitiyari, uwargidansa ta kawo ruwa tana ta sannu da zuwa.

"Mama, wa ya shigo gidan nan kwanakin nan?"

"Mai gyaran ya leƙo sau ɗaya, yarinyar tana wurin aiki. Amma ko minti biyar bai yi ba, ɗana."

"Ke kin taɓa injin?"

"Ni? Ko kunna shi ban iya ba."

Sufeto ya juya. "Baba, yaya ka ji sabuwar ƙwaƙwalwa?"

"Daɗi! Ba wanda ya sha ƙurata... wato ni nake gaba kullum."

"Ɗan taɓa mu gani."

Aka kunna. Mota ta tashi tana cijewa, ta nufi wata muguwar kwana. Hannun dattijo ya ɗago a hankali, ya murɗa sitiyari, mota ta sha kwanar lafiya lau. Fuskarsa ta washe kamar ta yaro. Matar tana bayansa, ita ma har karkacewa take yi tare da motar.

Kofur, wanda albashinsa a irin wasannin nan yake ƙarewa, ya raɗa wa Sufeto: "Cijewar nan ce ta cece shi. Da inji mai gudu ne, kafin hannun ya ɗago ya faɗa rami."

Sufeto ya sa Kofur ya buɗe akwatin kwamfutar. Kawunan sukurorin duk sun kwarzane, ba aikin sukudireba ba ne. Da aka ɗaga fankar da ke kan furosesa, wani farin abu ya bayyana, ya bushe ya tsattsage. Sufeto ya dangwala, ya kai hanci. Ya sake shinshinawa.

"Kofur, kwamfuta tana goge baki?"

"A'a, yallaɓai."

"To wannan tana yi."

Suka koma ofis. Sufeto ya ja kujera ya zauna gaban mai gyara.

"Ƙarya ka yi mini. Ka koma gidan."

Mutumin ya sunkuyar da kai. "Baba ne ya kira ni. Ya ce in mayar masa da tsohuwar, gudun ya fi ƙarfinsa. Na ce ba zan warware aikin da 'yarsa ta sa ni ba sai da saninta. Sai ya haɗa ni da Allah kada in faɗa wa kowa. Dattijo ne, yallaɓai, idonsa ya cika da ƙwalla. Ya zan yi?"

"Za a rufe maka shago, kana riƙe da amanar wani! Me kake shafawa tsakanin furosesa da fanka?"

"Wani mai ne ruwan toka, mai janye zafi. A ɗan bututu yake."

"Wa ya ga lokacin da ka shafa?"

"Mama. Ita ta riƙe mini tocila. Har ta tambaye ni ko man goge baki ne, na ce ƙaninsa ne, muka yi dariya."

Sufeto ya rufe fuska da tafin hannu. Kai, wasa ma wani lokaci masifa ne.

Wannan karon har da nas aka taru a falo. Sufeto ya yi magana a tausashe.

"Baba ba zai iya kwance sukuru ba. Mai gyara ba zai kwance da wuƙa ba, ba kuma zai shafa man goge baki ba. Mama, ina sabuwar ƙwaƙwalwar?"

Mama ta miƙe, ta buɗe kabad, ta fito da wata safa a naɗe. Furosesar na ciki, an nannaɗe ta da auduga kamar ƙwai.

"Mama!" Nas ta dafe ƙirji. "Ke?"

"Ni ce." Ta miƙa wa Sufeto safar. "Tun da aka sa abin nan ubanki bai sha kwana ko ɗaya ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan titi bai taɓa kayar da mota ba, ga shi yana faɗawa rami a gaban matarsa. Ya ture sitiyarin, ya ce shi dai ya ƙare. Abinci ma ya daina ci. Ke kuma kina dawowa da murna kina tambaya, yana ce miki daɗi, don ya san abin da kika hana kanki kafin ki saya. Yana barcin rana na ɗauko wuƙar kicin. Yadda na ga an yi, haka na yi."

"Man goge bakin fa?" in ji Kofur.

"Ai shi ya ce ƙaninsa ne. Na ce to babban ai ya fi."

Kofur ya fice waje da gudu, ana jiyo dariyarsa daga tsakar gida. Nas ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa gaban mahaifinta ta riƙe gwiwarsa tana kuka.

"Baba, me ya hana ka faɗa mini?"

"Kunya, 'yata. In ce miki ban iya tuƙi ba?"

Sufeto ya bari suka ɗan natsu, sannan ya gyara murya. Ya ce mai gyara ya tabbatar masa ana iya mayar da sabuwar a rage wa wasan gudu daidai hannun Baba, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

"Amma Mama, akwai bawan Allah da aka kira ɓarawo a tsakiyar kasuwa, kina ji kika yi shiru. Wannan ba zan yafe ba. A inda aka ɓata shi, a nan za ki wanke shi, da bakinki."

"Na cancanta, ɗana. Tun safe zuciyata ba ta kwanta ba."

Ta ɗauki mayafinta. Sufeto ya buɗe mata ƙofa, nas ta rungumi kwamfutar. Sai aka ji ƙarar sanda a ƙasa. Dattijo ne yake kokawar miƙewa, ya ƙi yarda a kama shi.

"Don ni ta yi. Ba za a tafi da matata gaban jama'a ina zaune ba." Ya numfasa, ya ɗaga ƙafa ɗaya. "Sai dai ku yi haƙuri da ni, ba ni da sauri yanzu."

Sufeto ya cire hularsa, ya koma gefensa ya tsaya.

"Taka a hankali, Baba. Duk muna jiranka."