Da Gwiwa Ake Farawa

Na koyi haɗa kartun a ƙasar waje, na dawo na buɗe ofis a saman shagon yayana. Aikin da ke hannuna shi ne mutum yana rikiɗa ya zama kura. A sana'armu sai an ɗauki bidiyon mutum yana motsin kafin a zana, don haka Yaya ne yake yi mini rarrafe a gaban kyamara bayan ya rufe shago da dare.

"Duk karatun nan, a sa magidanci rarrafe ya ƙare," in ji shi.

Sai muka ji ƙarnin ɗanyar fata. Wata tsohuwa ce a bayan kujerata tana kallon kwamfutar, ga ƙofa a kulle.

"Ɗan nan, ka zana ƙarya," ta ce, leɓɓanta ko motsi. "Ba da fuska ake farawa ba, da gwiwa ake farawa."

"Iya, ta ina kika shigo?" in ji Yaya.

Ta cafki ƙafarsa ta murɗe gwiwar ta juya baya. Ƙashin ya huda fata, jini ya fantsama har bango. Na maka mata kujera a ka sau uku, ko waiwaye ba ta yi ba.

"Zauna ka zana. In ka yi daidai, zan mayar maka da shi."

Ina zane, tana karya Yaya gaɓa-gaɓa. Da ihunsa ya tsaya na ce, "Yaya?"

Ya ɗago kai yana shinshinar inda nake, kuma babu alamar ya san ni.